Yadda dan kamfaninmu na zobo da kunun aya ya tashi, da yadda muka rufe shi

Assalamu alaikum. Har yanzu in na shiga babbar kasuwar Katsina ko na tsaya shan mai wajen Kofar Kaura sai an samu wanda zai tare ni yace Malam wai ina kunun ayarku ne, mun daina gani a shaguna. Wasu cewa suke sunji ance rufe mu akayi wai an kama mu muna zuba wani abu a ciki, wasu kuma suce ai fada mukayi da Yayata akan kudi. Wallahi duk ba haka bane. Ba wanda ya rufe mu, mu muka sa kwado da hannunmu bayan karamar sallar 2024, kuma ni da Yaya lafiya lau muke, jiya ma a gidanta naci tuwon dare. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya faro da yadda ya kare, mai niyyar shiga harkar ya karanta ya shiga da idonsa bude, masu yada zance kuma su huta.

Asalin abin ba nawa bane, na Yaya ne. Tun 2012 take yi a gidan aurenta nan cikin gari wajen Rafindadi, da firij dinta guda daya na kayan daki, tana dura zobo da kunun aya a gorunan ruwa da yara ke tsinto mata a wajen biki ta wanke su da omo da ruwan zafi. Allah ya bata hannu, wannan kam ko makiyinta ya sani. Bata rowar dabino, bata sa sinadarin zakin nan na leda mai barin daci a makogwaro, kuma zobonta bata cika masa kanwa har ya koma baki ya rasa dan tsamin nan da ake so. Ni lokacin ina Poli ina difloma, in zan tafi makaranta sai in daura kula a bayan mashin in kai ma dalibai, kafin azahar ta kare tas. Da na gama a 2014 na yi ta yawo da takardu a ambulan babu labari, sai na koma mata gaba daya, ni ne dan aike ni ne mai lissafi ni ne mai karbo bashi.

A 2015 ne muka ce bari mu fadada. Ta dauki adashinta, ta sayar da sarkarta ta gwal, Baba Allah ya jikansa ya sayar da wata 'yar gonarsa ta hanyar Kaita ya kara mana, yace gara ya gani da ransa da ace sai bayan ya mutu mu raba. Muka kama hayar wani gida a bayan gari ta hanyar Dutsinma mai bohol a ciki, don duk wanda ya san Katsina ya san ba'a dogara da famfo a irin wannan sana'a, in kuma kace 'yan garuwa zaka bi to ribar tana wajensu. Muka sayi firiza manya, injin markade namu na kanmu, jen na dizal tsoho amma mai karfi, da keke napep na kai kaya. Sunan kakarmu muka sa ma kamfanin. Mukayi rajistar suna, muka nemi lambar NAFDAC, kuma gaskiya a nan na fara sanin bambancin yin abu a kicin da yin shi a kamfani, sai ka ware dakin wanki daban, dakin hadi daban, wajen ajiya daban, ka sa tayil ka sa raga a taga, ma'aikata suyi gwajin lafiya su rufe kai, a gwada ruwan da kake aiki dashi, lambar kuma duk bayan shekara 5 sai an sabunta. Mun daina tsinto gora, muka koma sari sababbi daga Kano da murfi mai sil da sitika mai sunanmu. Ranar da na fara ganin goranmu a jere cikin firij din wani babban shago a Layout sai da na fita waje na kira Inna a waya.

To yanzu bari in fada maku abin da mafi yawan masu shiga harkar nan basu sani ba sai sun shiga. Zobo da kunun aya a ido kamar 'yan gida daya ne, a kula daya ake sayar dasu, amma halinsu ko kusa ba daya ba. Zobo yana da hakuri. Tafasa shi ake yi, ga tsami a jikinsa, ga citta ga kanumfari, in ka sa masa dan sinadarin hana lalacewa gwargwadon yadda doka ta yarda zai yi maka kwanaki ba abin da ya same shi. Kunun aya kuwa danye ne. Zaka tsince tsakuwa daga ayar, ka wanke ka sake wankewa, ka jika ta kwana, ka markade da dabino da kwakwa da citta, ka tace a kyalle, shikenan ka dura, wuta bata taba shi ba. Daga lokacin da ya fito daga bakin inji ya fara mutuwa, in ba sanyi cikin zafin Katsina na watan Afrilu da ake haura digiri 40, awa kadan ya isa ya fara yauki ya yi tsami gora ta kumbura. Mun gwada sinadarin da ke rike zobo, bai yi komai ba, daga baya wata malama da ta karanci harkar abinci ta gaya mana shi wannan sinadarin a cikin abu mai tsami kawai yake aiki, kunun aya kuwa ba shi da tsami. Mun gwada dafa shi, sai ya yi kauri ya koma kamar koko saboda sitacin da ke cikin ayar, dandanon ya gudu. Ita malamar ce ma ta bamu labarin wai a kasar Sifen, yankin Balansiya, suna da nasu kunun ayar da suke ji dashi, har daga Nijar suke sayen aya, manyan kamfanoninsu suna da hanyar da suke narkar da sitacin kafin su dafa su zuba a kwali ya yi watanni. Mu ina muka ga wadannan injina. Abin da muke dashi firiza ne da jen, shi yasa kunun aya sai ka rika lura dashi kamar jariri, dare da rana wani na kansa.

Mutumin da ya fi kowa sanin wannan a wajenmu ba mai digiri bane, wani dattijo ne da muka dauka yana hura mana wutar tukwanen zobo yana kuma kwana a wajen, kowa Baba mai wuta yake ce masa. Dan wani kauye ne na Maguzawa can kudancin jiha wajen Malumfashi, ya musulunta tun yana saurayi. Mahaifiyarsa burkutu take dafawa, a cikin tukwanen ya tashi, kuma baya boye wannan. In an zauna hira da dare sai ya rika bamu labarin yadda ake jika dawa a shimfida ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya a nika, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta huce ta kwana tana tashi tana kumfa, a sake dafawa, ranar kasuwa ko ranar gayya a fito da ita a koko. Yace har cikin birnin nan da can akwai gidajen da ake yi a gefen gari kafin a kaddamar da shari'a a watan Agusta na 2000 zamanin marigayi Umaru Musa Yar'adua, daga nan kowa ya kama gabansa. Wata rana ya ce ma Yaya, "Hajiya, abin da tsohuwata take kwana tana addu'a ya faru a tukunyarta, shi ne ke kike kwana kina addu'a kar ya faru a taki." Muka yi ta dariya amma gaskiya ya fada. Hancinsa kuwa abin mamaki, zai bude firiza ya dauki gora daya ko budewa bai yi ba ya dan matsa ta da yatsa ya kai murfin hanci yace wannan ta yau ce kar ta kai gobe. Ba'a taba samun ya fadi ba daidai ba.

Shekarun farko mun ga alheri, ba zan boye ba. Azumi ne kakarmu, kuma daga 2016 zuwa 2019 azumin yana fadowa tsakanin Mayu da farkon Yuli, ana fama da zafi, da la'asar sakaliya zaka ga layin mashina da motoci a kofarmu, masu raba abin buda baki a masallatai suna saye kula kula, ofisoshi suna aikowa, matan manya suna yin oda na wata guda cur. Muna aiki tun bayan tarawihi har sahur. Akwai lokacin da ma'aikatanmu sun haura goma, yawancinsu zawarawa da 'yan mata na unguwa, Yaya da gangan take daukarsu. Muna kai kaya Daura da Dutsinma da Jibia da Mashi. A cikin kudin nan nayi aure, a ciki Yaya ta biya ma Inna Umara. Sai dai da hunturu, Disamba da Janairu, ko kyauta ka ba mutum abu mai sanyi sai ya ce Allah ya kiyaye, amma haya bata san hunturu ba albashi ma haka, don haka abin da aka tara da azumi shi ake ci da sanyi. Kuma Baba tun a lokacin ya taba ce mani, "kai auta, ka san azumin nan tafiya yake baya baya kwana goma sha daya duk shekara, wata rana cikin sanyi za'a yi shi, ku yi tanadi." Bai kai ga ganin karshen ba, ya rasu a 2019.

Matsalar da ta fara cin mu a hankali tun kafin manyan bala'o'in su zo ita ce ta farashi da ta firij. Muna sayar da karamar gora naira 50 babba naira 100. A kasar nan abin 100 baya zama 110 ko 120, babu canji kuma mai saye ba zai yarda ba, ko dai ka tsaya a 100 kana cin asara ko ka yi tsalle zuwa 150 rabin kwastomominka su gudu. Daidai wannan lokacin ne kuma, wajen 2015 zuwa 2016, sababbin lemukan roba suka cika kasuwa, katuwar gora naira 100, tsofaffin kamfanonin ma dole suka sauko suka bi. Yaro yana rike da 100 dinsa, ga lemo mai gas katon gaske ga namu dan madaidaici, kai ma ka san inda zai nufa. Su nasu zai yi wata shida a rana a kan tebur ba abin da ya dame shi. Sannan manyan kamfanoni suna ba masu shago firij kyauta da sharadin kayansu kadai za'a sa, sai ka kai kaya mai shago ya karba da fara'a, ka juya baya ya fitar da naka ya jera a kasa, ko kuma ya kashe firij da dare don ya rage shan mai, da safe ya kira ka yace zo ka kwashe kayanka sun lalace. Haka tsarin yake, sai an sayar a biya ka, wanda ya baci naka ne. Wanda aka sayar din ma sai kayi ta sintiri, yau ace maigida ya tafi Kano gobe ace ya je jana'iza.

Ta kasa kuma ga matan gida, irin yadda Yaya take a da. Ita mace a gidanta bata biyan haya, bata biyan albashi, gorarta tsintuwa ce, firij din na gida ne maigida ke biyan kudin wuta, 'yarta ce ke daukar talla, in ta samu ribar cefane ta gode Allah. Ba zaka taba karya farashinta ba. Ni ban ga laifinsu ba ko kadan, daga nan muka fito. Amma a nan na gane inda muka tsaya, mun fi karfin kicin kuma bamu kai kamfani ba, muna dauke da kashe kudin manya muna sayarwa a farashin kanana.

Daga 2019 kuma sai abubuwa suka rika zuwa daya na bin daya. A watan Agusta aka rufe boda, mu kuwa ayarmu mai kyau, manyan nan masu madara, da dabino ta Maradi suke shigowa ta Jibia, sai ya zama ana samu amma ta barauniyar hanya da kudin da ya ninka, ita bodar Jibia ma sai Afrilun 2022 aka bude ta. Azumin 2020 a kulle aka yi shi saboda korona, babu buda baki a masallaci babu biki babu makaranta, shekarar da muka fara cin uwar kudi kenan. A 2021 gobara ta ci babbar kasuwa a watan Maris, wasu daga cikin masu shagunan da muke bi bashi komai nasu ya kone, da wane ido zaka je kace a biya ka. Karshen Agusta na shekarar kuma aka kafa dokokin tsaro saboda 'yan bindiga, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana motoci dauko itace daga daji, sannan aka katse sabis din waya a kananan hukumomi 13 har da Jibia da Dutsinma. Kowa ya san dalilin dokar, mu ma muna da 'yan uwa a Batsari mun san abin da suke gani, amma ka duba mu, karamin jen din da ke rike firiza da rana fetur yake sha, tukwanen zobo itace suke ci, kwastoman Dutsinma kuma ba halin ya kira yace a kawo ko kar a kawo. Direbanmu ma matarsa ta rantse ba zai kara bin hanyar ba, kuma ban ga laifinta ba.

Zobon kansa da muke ganin namu ne na gida, ganye ne da ake shukawa a gefen gona, shima ya zama kayan fita waje, dillalai suna bin kauyukan Jigawa da Katsina suna kwashe busasshen suna tarawa a Kano da Maigatari a loda a kwantena zuwa Meziko, can ma shan shi suke sosai. Manomi ya ji dadi, Allah ya kara, amma mu da muke saye a buhu mun ji a jikinmu.

Abin da ya karya mana baya na gaske dizal ne. Farkon 2022 bayan an fara yakin Rasha da Yukiren, lita da muke saye kasa da naira 400 ta tashi ta doshi 800 cikin 'yan watanni. Ga malaman jami'a sun tafi yajin aiki tun Fabrairu sai Oktoba suka dawo, dalibai da suke rabin cinikinmu suna gida. A cikin azumin shekarar ne abin da bana mantawa ya faru. Taransifomar unguwar ta lalace ana ta karo karon gyara, jen kadai ke rike damu, mun cika firiza makil da odar wani bawan Allah da zai raba a masallatai. Wajen karfe dayan dare jen ya yi wata kara ya tsaya. Baba mai wuta ya kira ni, na fito da mashin ina bin gidan makanikai ina buga kofa, wanda ya taso ya duba da tocila yace sai an sayo kaya da safe. Na zaga wajen masu kankara, azumi ne, duk an yi odar ta tun jiya, ko daya ban samu ba. Muka lullube firizojin da barguna da buhunan algarara muka hana kowa budewa. Kafin a tada jen rana ta take. Da aka bude na farko wani wari mai tsami ya bugo mu, gorunan sun yi tim tim gindinsu ya turo waje sun kasa tsayuwa, wasu murfin ya fashe kunun ya yi kumfa ya malale a kasan firiza. Daya daga cikin yaran yace Hajiya wadanda basu kumbura sosai ba a kara masu suga a sake sanyaya su a sayar da araha mana. Yaya bata ce komai ba ta kalli Baba mai wuta, ya dauki daya ya bude a hankali tana huci, ya shinshina, yace "Hajiya wannan ya kama hanyar gidanmu na da." Sai tace a zubar duka, mutum ya wuni da kishirwa ba zai bude baki da wannan ba ta hannunta. Muka jera a bakin kwata muna budewa muna tuttulewa, farin kunu yana bin lambatu har bakin titi kudaje sun yi bakikkirin, matan da suka kwana suna tacewa suna tsaye suna kallo wata na share hawaye da gefen hijabi. Kudin mutumin kuma muka mayar masa cif, da bashi.

Wani zai ce me ya hana ku sa sola. Mun yi tambaya, mun kai mai hadawa ya auna, kudin faranti da batir da inbata da zasu dauki firizojinmu da injin markade ya fi karfin duk abin da kamfanin ya mallaka. Da a 2017 ne da kudi a hannu wata kila, amma lokacin dizal bai zama abin tsoro ba, ba wanda ya kawo zancen. Banki kuma Yaya tace ita da kudin ruwa har abada, rancen gwamnati da ake ta sanarwa a rediyo mun cike fom mun gaji.

2023 kam ba sai na ba dan Najeriya labari ba. Canjin kudi ya sa a watan Fabrairu mutum na da kudi a banki amma ba shi da 100 a aljihu, waye zai tsaya yin taransfa akan gorar zobo sabis na wahala. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, fetur daga kasa da 200 ya haura 500, keke napep dinmu kai kaya Daura ya zama asara tsagwaronta. Aka saki naira dala ta tashi, gora da murfi da sitika duk da dala ake lissafa su. Karshen Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe boda, aya da dabino suka sake tashi. Cittar ma da muke samu daga kudancin Kaduna wajen Kachia, wata cuta ta fada ma gonaki a daminar ta cinye mafi yawa, citta ta zama abin aunawa a cokali. Suga da muka fara saye kasa da naira 10,000 buhu a 2015, farkon 2024 ya haura 70,000. Muka kai gora 200, muka kai 250, mutanen da ke neman abin da zasu sa a tukunya ina suka ga na kunun aya.

Akwai shawarar da aka yi ta bamu, kuma na san da yawa ita suke bi har suke tsaye. A rage dabino, a cire kwakwa a sa flebo, a kara ruwa, a sa sinadarin zaki maimakon suga, zobo a kara masa kala. Ni da ke rike da littafi na zauna na buga lissafin na nuna ma Yaya, da haka zamu iya rike 150 har mu ga 'yar riba. Ta dade tana kallon takardar sannan tace "auta, sunan wa ke jikin gorar nan?" Nace na Kaka. Tace to. Maganar bata kara tasowa ba. Har yau in an zauna a gida ana gardama a kai, maigidanta yana ganin taurin kai ne, ai da ta sassauta da matan nan basu rasa aikinsu ba, kuma maganarsa ba karya bace. Ni dai ra'ayina ko mun yi hakan shekara daya zamu kara ko biyu, don ba dabino ne ya kashe mu ba, sanyi ne. Kudin da muke kashewa wajen sanyaya gora daya ya kai ga ya fi kudin abin da ke cikinta, wannan kuwa ba flebon da zai gyara shi.

Muka ce bari mu ga azumin 2024, in ya fitar damu mu ci gaba. Ya fara 11 ga Maris, an yi zafi na fitar hankali, an kuma yi ciniki ba laifi, amma da na hada lissafi bayan sallah abin da ya rage bai kai kudin hayar shekara ba, mai gida kuma ya aiko zai kara. Yaya ta tara ma'aikata da suka rage ta gaya masu da bakinta, ta biya kowa hakkinsa har da dan abin sallama. Firiza biyu wani mai kifi ya saya, daya mai kemis, injin markaden ta ba daya daga cikin zawarawan tana biya a hankali, yanzu haka tana markade a Sabuwar Unguwa tana rike da marayunta. Keke napep din ni na karba a bakin rabona, shi nake ja yanzu, in kun ganni a hanyar Batagarawa ku tsaida ni. Baba mai wuta ya koma wajen dansa, yana kirana lokaci lokaci yana tambayar Hajiya. Jen din nan mai bakin hali har yau yana gidan Inna an rufe shi da tamfol, duk wanda ya zo sai ya taya kudin karfe.

Yaya ta koma inda ta faro, firij daya a gida, amma yanzu sai oda take yi, biki ko suna ko walima, ka bada kudinka gaba ka zo ka dauka ranar da kulolinka da kankararka, in ya baci a hannunka ya baci. Tace ta fi samun barci. Bashin da ake binmu saura kadan mu gama, muna biya duk wata.

Sai maganar wadanda mu muke bi. Littafin yana nan wajena, shago shago da kwanan wata. Yaya tace duk wanda gobarar kasuwa ta shafa ta yafe, duk wanda nasa bai kai 5,000 ba shima ta yafe duniya da lahira. Sauran kuma kun san kanku, wasunku na ganku kun canza mota, don Allah ku kawo, ko kadan kadan ne zamu karba, gidan Inna bai tashi daga inda kuka san shi ba.